Tsoro na Daji, Kunya na Gida: Asalin Ɗari-ɗarin da Mata Ke Yi da Maza a Ƙasar Wudil

Duk wanda ya zauna ƙasar Hausa ya san ba a barin budurwa ta fita ita kaɗai bayan magariba. Matar aure kuwa in za ta unguwa sai an haɗa ta da ɗan rakiya, ko da yaron da bai isa ɗaukar tulu ba ne. In baƙo ya yi sallama a zaure, mace ba ta leƙowa, sai ta aiko yaro ya ce maigida ba ya nan. Idan aka tambayi malamai dalilin haka, su kan ce umurnin addini ne. Turawan da suka yi rubutu a kanmu kuwa, da yawansu sun ce kishin maza ne. Ko wane bayani yana da gaskiyarsa, amma duka biyun daga bakin maza aka ji su. Nufin wannan takarda shi ne a dubi al'amarin ta wajen su matan, watau tsoron da mace ke ji kada namijin da ba ta so ya fi ƙarfinta, da inda tsoron nan ya samo asali a ƙasar Kano, da yadda ya yi ta sauya kama daga zamani zuwa zamani.

An zaɓi ƙasar Wudil sabo da matsayinta. Garin yana bakin kogi, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a mashigin da hanyar Takai da Birnin Kudu da Bauci ke ƙetarewa. Rundunar da za ta fita kudu maso gabas ta nan ta ke bi, bayin da aka kamo daga duwatsu ta nan a ke shigo da su. Har wa yau kuma, sunan wani gari na wannan ƙasa ya fito a cikin mafi daɗewar labarin da mu ke da shi game da ɗaukar 'yan mata da ƙarfin sarauta.

Kame da kulle

Tarihin Kano, littafin nan na sarakuna da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya juya da Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya lissafa abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya fara a Kano. Kowane ɗan makaranta ya haddace waɗansunsu, kamar gidan sarki da kasuwar Kurmi da kakaki da figini. Akwai guda biyu da malaman makaranta kan yi saurin wucewa, ɗaya kame, ɗaya kulle. Marubucin ya bayyana cewa sarki ya naɗa wani mutum nasa ya riƙa zaga gidajen Indabawa yana ɗauko masa 'yan mata 'yan fari waɗanda ba su san namiji ba. Ya ce kuma shi ne sarkin da ya fara tara mata dubu.

To, su wane ne Indabawa? Ta fuskar ginin kalma amsar ba ta da wuya. Yadda Kano ta ba da Kanawa, Gaya ta ba da Gayawa, haka Indabo ta ba da Indabawa. Indabo kuwa gari ne a ƙasar Wudil, yana cikin mazaɓun ƙaramar hukumar. Akwai kuma unguwa mai suna Indabawa a cikin birni. Ko mutanen garin a ke nufi, ko danginsu da aka zaunar kusa da fada, sunan dai na nan ƙasar ne.

Wajibi ne mai karatu ya tuna cewa littafin ya tsaya ne a kan sarautar Muhammadu Bello (1883–1893), watau an rubuta shi wajen shekara 400 bayan Rumfa. Sabo da haka abin da ya fi nuna mana shi ne yadda masana na fadar Kano a ƙarshen ƙarni na 19 su ke kallon al'amarin. Abin lura shi ne marubucin ya jera kame a sahu ɗaya da kakaki da figini, cikin kayan alfarmar sarauta, bai ga abin zargi a ciki ba. Na biyu kuma, kame da kulle kusa da juna ya ambace su. A ganina wannan ba haɗuwar banza ba ce. Mutumin da ya san yadda ya ke aikawa a ɗauko 'ya'yan waɗansu, shi ya fi kowa sanin amfanin doguwar katanga da ƙofa mai tsaro.

Heidi Nast, cikin littafinta na 2005 a kan ƙwaraƙwaran fadar Kano, ta nuna cewa matan nan ba zaman banza suka yi ba. Waɗansunsu sun riƙe al'amarin hatsin fada da rini, da yawa kuma sun haifi sarakuna. Gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa. Amma girman da ƙwarƙwara ta samu bayan shekara ashirin a cikin gida bai kai labari ga uwar da ke Indabo ba ranar da ta hango manzon sarki ya doso ƙofarta.

Bari in ɗan ratse zuwa ga kalmomin. Hausa tana da wani rukunin sunaye masu ƙarewa da wasalin -e waɗanda a ke cirowa daga aikatau, kamar zaɓe daga zaɓa, aike daga aika, kame daga kama. Fyaɗe ma cikinsu ya ke, daga fyaɗa, yadda a ke cewa ya fyaɗa shi da ƙasa, ko ya fyaɗa masa bulala. Ba maganar sha'awa ko kaɗan a cikin tushen kalmar, duka ne da kayarwa. Bahaushen da ya raɗa wa abin suna ya gane shi sarai, ya ajiye shi tare da ayyukan fin ƙarfi.

Jihadi da maganar 'ya da baiwa

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya san da wannan ɗabi'a ta sarakuna. Cikin Kitabul Farƙi, wanda Mervyn Hiskett ya buga da fassara a 1960, ya lissafa laifofin sarakunan Haɓe, ya sa ɗaukar matan da suka ga dama ba tare da ɗaurin aure ba, da tara mata masu yawan gaske a gida. Abin da ya hura wutar jihadin ma, gab da hijirar 1804, kamen jama'ar Abdussalami ne a Gimbana, maza da mata, aka bi da su ta kusa da Degel a ɗaure. A Kano, ƙasar Wudil tana cikin wuraren da suka ba da jagorori, gama Malam Bakatsine na Joɓawa daga wajen Utai ya ke, kuma gidansu ne ya riƙe sarautar Makama daga baya.

Jihadi ya kafa ƙa'ida cewa ba a bautar da Musulmi ɗa, kuma ba a taɓa 'ya sai da aure. Wannan ci gaba ne na ainihi, kada a raina shi. Sai dai ƙa'idar ta bar baiwa inda ta ke. Ubangijinta yana da ikon sa ta ɗaka, ba a tambayar yardarta, ba kuma iyaka ga adadin sa-ɗaka kamar yadda aka iyakance matan aure ga huɗu. Sabo da haka duk tsaron mace ya rataya ga tambaya guda, ita 'ya ce ko baiwa? Amsar tambayar nan kuwa, a aikace, ba asalin mace ke ba da ita ba. Inda aka tarar da ita, da wanda ya tarar da ita, da nisan wurin daga mutanen da za su shaide ta, su ne ke yanke hukunci. Yarinyar da aka sura a gona da hantsi, kafin kwana uku ta kai kasuwar da ba mai sanin sunan ubanta.

Kasuwa kuwa mata ta fi so. Manazartan bautar Afirka, tun daga littafin da Claire Robertson da Martin Klein suka shirya a 1983, sun tabbatar cewa a cinikin cikin ƙasa da na Sahara budurwa ta fi saurayi tsada. Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta bayin da a ke fitarwa daga birnin da kimanin 5,000 a shekara, ban da waɗanda a ke riƙewa a gida.

Zamanin Ningawa

Wajen 1846, a farkon sarautar Usmanu, waɗansu malamai a ƙarƙashin Malam Hamza suka tashi daga Tsakuwa, maƙwabciyar ƙasar Wudil ta yamma, bisa rigimar haraji. Suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran ƙabilun wurin, suka kafa mulkin da ya hana Kano da Bauci da Zazzau barci har zuwan Turawa. Adell Patton ya yi dogon bincike a kansu. Abubakar Ɗan Maje da Haruna Ƙarami su ne suka fi shahara a hari. Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya ci yawancin sarautarsa yana fama da su, ya ƙarfafa ribaɗoɗi a kudu, ya mai da Takai sansani. Duk da haka a Fajewa, cikin ƙasar Takai, Ningawa suka yi wa Kanawa mummunar ɓarna. Daga Takai zuwa Wudil kuwa tafiyar yini ce ga mai ƙafa, ga mai doki ba ta kai haka ba.

Littattafan tarihi sun ba da labarin yaƙe-yaƙen nan da sunayen sarakuna da barade. Mu juya shi mu duba ta ƙofar ƙauye. Hari ba yaƙi ba ne na sahu da sahu. Mahaya kan faɗo da asuba, ko da damina sa'ad da mutane suka watsu a gonaki. Namijin da ya tsaya a kashe shi, wanda ya sheƙa ya tsira. Mace mai goyo ba ta iya gudu, yarinya mai tulu a kai ba ta hangen nesa. Ayyukan da aka raba wa mata kuwa, ɗiban ruwa da itace da kai abinci gona da wanki a bakin kogi, duk a wajen ganuwa su ke. Ashe rabon aiki da kansa ya ajiye mace a daidai inda mahari ke nema. Tsarin fita a ayari, da hana fita bayan faɗuwar rana, da sa tsohuwa ta ja gaban 'yan mata, dabarun zaman iyaka ne kafin su zama ladabi. Ko 'yan taru na Nana Asma'u (1793–1864), can ƙasar Sakkwato, a ƙungiya su ke tafiya, tsofaffi da 'yan mata ƙanana, jaji na gaba da malfarta, matan da ke tsakiyar shekarun haihuwa suna gida.

Adalci ya sa a ƙara da cewa tsoron nan fuska biyu gare shi. Rundunonin Kano ma sun yi ta shiga ƙasar Warji da kewayenta suna kwaso mata. Abin da matar Wudil ke ji in an ambaci Ɗan Maje, shi Bawarjiya ke ji in ta hango ƙurar dawakin Kanawa. Jikokin matan nan da aka kwaso suna cikinmu, Hausawa ne cikakku, kuma labarin da kakanninsu mata suka ba su da dare yana cikin abin da ya gina tarbiyyar 'ya mace a ƙasar nan.

Basasa, da shaidar Baba

Da Sarki Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. Yusufu ɗan Abdullahi da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka nufi Takai. Yusufu ya rasu a Garko, nan kusa da Wudil, Aliyu Babba ya karɓi tuta, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Shekara biyu ke nan ƙasar da ke tsakanin birni da Takai tana zaman filin daga. Abin da ya bambanta basasa da harin Ningawa shi ne a wannan karo Musulmi 'ya'ya ne ke kama Musulmi 'ya'ya, ƙa'idar da jihadi ya tsaya a kai ta rushe a hannun jikokin masu jihadin. C. H. Robinson, wanda ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya ce bayin da ya kan gani an kasa a kasuwa sun kai wajen 500. Matar da ta ga haka ta koyi darasin da Ningawa ba su koya mata ba, watau mai kamun yana iya zama mai jin harshenta, mai salla irin tata.

Muryar mace guda ɗaya ta wannan zamani ta iso mana da cikakken bayani, ita ce Baba mutuniyar Karo (1877–1951). Mary Smith ta rubuta labarinta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Karo tana can yamma, kusa da Zarewa, a iyakar Kano da Zazzau da Katsina, masu harinsu kuma dabam ne, mutanen Mai Sudan na Kwantagora da ɓarayin mutane. Amma zaman iri ɗaya ne. Ta faɗi yadda mutanen ƙauye kan kwashe zuwa gari mai ganuwa in an ji labarin mahara, da yadda aka kama matan gidansu, da yadda dangi suka yi ta tara wuri har suka fanso su. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta ke ba da labarin ba tare da mamaki ba, kamar mai maganar fari ko ƙyanda. Ta kuma fito daga gidan masu rinji ne, iyayenta na da bayi. Matan rinjin nan, waɗanda abin ya fi shafa, ba wanda ya zauna ya rubuta nasu.

Abin da shari'a ta ce, da abin da gida ya koyar

A nan ne, a ganina, zuciyar al'amarin ta ke. Mazhabar Malikiyya ba ta yi sakaci da fyaɗe ba. Cikin Muwaɗɗa an bayyana cewa matar da aka tilasta ba haddi a kanta, haddi na kan wanda ya tilasta ta, kuma zai biya ta sadakin irinta in 'ya ce. In baiwa ce, sai ya biya ubangijinta abin da ya ragu daga kuɗinta. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na Andalus, wanda ya rasu a 1148, ya tafi har ga cewa masu sace mace da makami hukuncin 'yan fashi ya kamace su, domin ƙwace mutunci ya fi ƙwace dukiya muni.

Amma Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda kowane almajirin ilmi a Kano ke karantawa, ta kawo wani sharaɗi. Matar da ba ta da miji in ciki ya bayyana gare ta, ta ce tilasta ta aka yi, ba a gaskata ta sai da alama, kamar shaidun da suka ga an ɗauke ta, ko ta zo tana neman agaji a lokacin da abin ya faru, ko ta zo tana zubar da jini. Watau shari'a tana son mace ta yi kururuwa nan take, a gaban jama'a.

Yanzu a dubi yadda a ke renon yarinya. Tun tana ƙarama a ke koya mata ta sassauta murya, ta sunkuyar da kai gaban manya, kada ta kama sunan abin da ke tsakanin mace da namiji. In ta yi aure ba ta faɗin sunan miji, in ta haihu ba ta kiran sunan ɗan fari. Duk wannan kunya ce, kuma da ita a ke auna 'yar mutunci. Yarinyar da aka shekara goma sha biyar ana horonta da shiru, ita a ke so ranar da ta fi kowace rana firgita ta fito tsakar unguwa ta ɗaga murya ta faɗi abin da aka yi mata. In ta yi shiru ta rasa hujja a gaban alƙali. In ta yi magana ta rasa miji, ta jawo wa gidansu abin faɗe. Iyaye da yawa, da suka auna, rufin asiri suka zaɓa.

Karin maganar nan da ke cewa tsoro na daji, kunya na gida, ta raba duniya biyu yadda zamanin hari ya raba ta. A wajen ganuwa akwai abin tsoro, kuma ba laifi mutum ya ce ya ji tsoro. A cikin gida ba a yarda akwai abin tsoro ba, sabo da haka duk abin da mace ta ji game da ubangijinta, ko ɗan ubangijinta, ko wani na gida da ke shiga ba sallama, ba shi da suna sai kunya. Mata dai sun ajiye nasu ra'ayin a cikin nasu karin magana. Su ne ke cewa namiji ba ɗan goyo ba, su ne ke cewa namiji barkono, sai an tauna a kan san yajinsa, har su kan ce namiji ƙanin ajali. Ba a kan baƙon daji aka yi waɗannan ba.

A lura kuma da yadda mu ke faɗin abin in ya faru. Mu kan ce an ɓata ta, ko an lalata ta. Lamirin "an" ya ɓoye mai aikin sarai, ya bar yarinyar ita kaɗai a cikin jimla. Aikatau ɓata kuwa shi mu ke amfani da shi ga tufa da nono da kayan sayarwa. Ma'aunin da shari'a ta keɓe wa baiwa, na raguwar kuɗi, shi harshen yau da kullum ya shimfiɗa a kan kowace yarinya.

Zuwan Turawa da yaɗuwar kulle

Turawa suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Hari ya ƙare, aka rufe kasuwar bayi. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungum ba sai 1936. Game da sa-ɗaka kuwa Turawa suka kau da kai, suka ɗauke ta a matsayin wani nau'in aure, don kada su ɓata da sarakunan da su ke mulki ta hannunsu. Paul Lovejoy ya nuna a 1988 cewa cikin bayin da aka 'yanta ta hanyar kotuna a farkon mulkin Turawa mata sun fi yawa, kuma sau da yawa wani namiji ne ke biyan fansar don ya kai ta ɗakinsa. Cinikin bai mutu ba, takarda aka yi masa.

Ga wani abin da ke ruɗa mai nazari. Hankali zai ba da cewa in hanya ta yi lafiya mata za su ƙara fita. Akasin haka aka gani. Kulle, wanda dā na fada ne da gidajen malamai da attajirai, a ƙarni na 20 ya bazu har ƙauyuka. M. G. Smith, wanda ya rarrabe auren kulle da auren tsari da auren jahilai, ya ba da dalili mai ƙarfi. Noma da itace aikin bayi mata ne, sabo da haka matar da ta sami 'yanci abin da ta fara nema shi ne a daina ganinta a gona. Barbara Cooper ta sami irin wannan a Maraɗi. Polly Hill ta ƙara da cewa a ƙasar Kano ruwa na kusa, ana iya haƙa rijiya a tsakar gida, ga kuma jakuna na ɗaukar kaya. Ni zan ƙara abu ɗaya a kan nasu. Baiwa ita ce macen da kowa ke iya miƙa wa hannu ba mai tambaya. Shiga kulle sanarwa ce ga maza cewa wannan tana da mai tsaya mata. Don haka kuskure ne a ce maza ne kaɗai suka gina katangar, mata da yawa da kansu suka nemi a sa su ciki, kuma suna da hujja.

Sai dai katangar ba ta kawar da hatsarin ba, ta tura shi kan wata. Matar kulle tana sana'a, tana dafa abinci, tana soya ƙuli-ƙuli, tana saƙa, kuma dole wani ya kai kasuwa. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda tattalin arzikin matan kulle ya dogara ga yara, musamman 'yan mata masu talla. Wanda ya taɓa tsayawa kasuwar Wudil ran Juma'a, ya ga kara cike da fatake da direbobi da baƙi daga ko'ina, ya ga kuma su wa ke ratsa tsakaninsu da faranti a kai, ya fahimci maganar. Uwa mai shekara talatin tana bayan katanga, 'yarta mai shekara goma tana tasha.

Daga 1960 zuwa yau

Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda aka tsara bisa ta Sudan, ta fara aiki a 1960. Sashe na 282 ya bayyana fyaɗe da rashin yardar mace, ba tare da bambanta asalinta ba, ko da ya ke ya fitar da miji daga ciki in matar ta balaga. Da aka dawo da hukuncin haddi a jihohin Arewa daga shekarar 2000, tsohuwar matsalar hujja ta sake fitowa. A Jihar Zamfara wata yarinya da ciki ya bayyana gare ta ta ambaci maza uku, suka musanta, aka sallame su don rashin shaidu, ita kuwa aka yi mata bulala 100 a Janairun 2001. Kowace uwa a Arewa ta ji labarin, ta kuma san abin da za ta gaya wa 'yarta.

A birnin Kano, shekarun 1980 sun zo da 'yan ɗaukar amarya, wani reshe na 'yan daba masu sace mata da makami, har kalmar ta zauna cikin harshe. Maganin da hukuma ta fi saurin kawowa kullum shi ne raba mata da maza. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kawo babura masu ƙafa uku waɗanda sunan shirin A Daidaita Sahu ya bi su. Hari irin na dā ma ya dawo da sabon kaya, aka kwashe 'yan mata daga makarantun kwana a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021. Wannan ya zo daidai lokacin da garuruwa irin su Wudil, wadda ta sami jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, suka fara karɓar 'yan mata masu zaman karatu nesa da iyayensu, kuma kowane irin labari daga cikin waɗannan yana shiga lissafin uban da ke shawarar ko ya bar 'yarsa ta tafi.

A Yunin 2020, watan da gwamnonin Nijeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, 'yan sandan Kano suka ba da sanarwar kama wani mutum a Kwanar Ɗangora, kan hanyar Zariya. Suka ce ana tuhumarsa da yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda, daga yara 'yan shekara 10 har tsohuwa mai shekara 80. Ba a gona ya ke tare su ba, ba kuma a tasha ba. Katanga ya ke haurawa da dare ya same su a ɗakunansu. Matan garin suka gaya wa manema labarai cewa shekara guda suka yi cikin fargaba a cikin gidajensu. Yadda aka kama shi kuwa, wata uwa ce ta tarar da shi a ɗakin 'ya'yanta, ya fita da gudu, maƙwabta suka bi shi suka riƙe.